An Sace Baba Daga Gado Na Huɗu

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana wayar ofis ta yi ƙara. Sufeto ya riga ya cire takalmi ɗaya, ya buɗe kwanon abincinsa. Bayansa na ciwo tun safe, saboda shi ke ɗaga mahaifinsa daga gado zuwa kujera kafin ya fito aiki. Ya harari wayar kamar ita ta karya masa bayan.

Saje ce ta ɗauka. Ta girme shi da shekara goma, kuma ba ta taɓa barin ya manta da haka ba. Ta ce "to", ta ƙara cewa "to", sannan ta ajiye.

"Yallaɓai, an sace mara lafiya."

"An sace wa?"

"Wani tsoho. Daga kan gadonsa, a makarantar koyon jinya ta bayan tashar mota. Wai ba ya iya tafiya, ga mantuwa."

Sufeto ya rufe kwanon ko loma ɗaya bai kai ba. Cikin minti ashirin suna ƙofar makarantar.

Darakta ce ta tarbe su, waya a kowane hannu. Ta ja su zuwa wani dogon ɗaki mai gado shida da labule shuɗi, ko'ina ƙamshin maganin wanke hannu. Gado na huɗu babu kowa.

Sufeto ya ciro littafinsa. "Shekarunsa nawa?"

"Tamanin da ɗaya. Haka dai aka saita shi."

"Aka me? To danginsa fa, an sanar da su?"

"Ba shi da dangi, yallaɓai. A kwali ya zo."

Sufeto ya dubi Saje. Saje ta dubi silin.

Sai a lokacin Darakta ta yi bayani. Mutum-mutumi ne na roba, mai girman mutum da nauyin mutum, kilo saba'in cif. Yana numfashi, yana tari, jijiyarsa tana bugawa. Ƙirƙirarriyar basira ce ke sa shi magana, an koya masa ya zama tsoho mai mantuwa da saurin fushi. Ɗalibai suna koyon ɗaga shi, da juya shi, da yi masa allura, da rarrashinsa, shi kuma yana ba su maki. Idan za su yi kuskure, gara su yi a jikin roba. Suna kiransa Baba Mai Sanda, don kullum neman sandarsa yake, alhali bai taɓa mallakar sanda ba.

"Wato a kan 'yar tsana na bar abincina," in ji Sufeto.

"'Yar tsanar da ta fi motar da kuka zo da ita tsada. Kuma gobe da safe masu jarrabawa daga hukuma za su zo, a kansa za a gwada ɗalibai arba'in. Amma ba sai kun wahala ba, mun san wadda ta yi."

Ta nuna lungu da waya ɗaya. Wata yarinya na zaune kan kujerar roba, ta rungume jakarta, tabarau ɗinta ya yi hazo saboda kuka.

"'Yar Tsautsayi suke ce mata. Bara ta faɗi, gobe ce damarta ta ƙarshe. An ji ta tana yi masa barazana. Ƙarfe biyar zan tura wa hukuma sunayen masu jarrabawa, kuma ba zan sa sunan ɓarauniya ba."

"Hajiya, ki bar mana kalmar nan tukuna, tamu ce."

"Ni dai ƙarfe biyar," in ji Darakta, ta tafi tana amsa waya.

Sufeto ya zagaya gadon. An shimfiɗa zanin sumul, an naɗe kusurwoyinsa kamar bakin ambulan. Babu keken tura marasa lafiya a inda aka zana masa wuri a ƙasa. Babu silifan Baba, babu hularsa, babu bargo.

"Shekara ashirin da biyu ina aikin nan," in ji Saje, "ban taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya gyara gado ba."

"Ko wanda ya sa wa kayan sata silifa. Kira mini yarinyar."

Yarinyar ta zo tana tuntuɓe da igiyar jakarta.

"Ina kike lokacin hutun rana?"

"Ɗakin karatu, yallaɓai."

"Tabbas?"

"Eh. A'a. Wallahi na je, amma daga baya."

Sufeto ya dafe goshi. "'Yata, ina da ciwon baya, ina da yunwa. Kar ki ƙara mini na uku. Daga farko."

Ta ce da aka fita hutu ƙarfe goma sha biyu, ta lallaɓo ta shigo don ta ƙara gwaji. Ta san an hana, amma dare biyu tana mafarkin jarrabawa. Makullin kuwa yana cikin kwalin safar hannu a bakin ƙofa, kowa ya sani.

"Me kika ce masa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce mini hannuna kamar na mai dakan tsakuwa. Shi ne na ce wata rana sai na jefa shi a kwata."

Saje ta yi tari don ta ɓoye dariya.

"Ba da gaske nake ba! Sau biyu na taɓa yar da shi a ƙasa, ko daga gado zuwa keke ba na iya kai shi. Maki talatin da takwas ya ba ni. Sha biyu da kwata na fita, na bar shi yana neman sandarsa."

Sufeto ya yaye zanin gado na uku, ya dunƙule, ya miƙa mata. "Shimfiɗa."

Ta shimfiɗa. Ta ja nan, can ya zame. Ta ja can, katifa ta leƙo. Da ta gama, gadon ya yi kama da wanda yara suka yi kokawa a kai.

"Ya isa," in ji Sufeto. "Je ki zauna, kar ki taɓa komai."

Ofishin babbar malamar jinya yana ƙarshen baranda. Sista Babba kowa ke ce mata. Shekara talatin da ɗaya tana aiki, fararen kayanta ko ɗigo babu, ga ƙaramin agogo maƙale a ƙirjinta. Tana tsaye suka shiga, hannunta na dama a aljihu. Kofin shayi na kan tebur, ya huce ba a taɓa shi ba.

"Ke kika ji barazanar?"

"Ni na ji. Ina wucewa."

"Daga nan fa?"

"Na dawo nan ina duba takardun ɗalibai har aka dawo hutu."

"Kina ganin yarinyar za ta iya?"

Sista ta kalli kofin shayin. "Tsoro yana sa mutum komai."

"Idan ba a same shi ba, me zai faru gobe?"

"Sai a yi yadda muka yi tun kafin a haifi kwamfuta. Ɗalibi ya kwanta, ɗalibi ya ɗaga shi, malami ya zauna ya ba da maki. Mu da aka koya mana haka, mun kashe wani ne?"

Saje ta rubuta bayanin, ta miƙa mata biro. Sista ba ta ciro hannu ba.

"Ajiye nan, zan sa hannu in na karanta." Ta kalli agogon ƙirjinta. Biyu da minti ashirin da biyar. "Ku yi haƙuri, ina da zagaye."

Ta fita da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

"Zagayen me," in ji Saje, "a makarantar da mara lafiyarta ɗaya ne, shi ma an sace?"

Maigadi yana cikin rumfarsa da ƙaramar rediyo. Da ya hango kaki sai ya tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa.

"Ranka ya daɗe, ko ƙuda bai fita da kaya ta nan ba. Idona biyu."

"Ba ka tashi ba ko sau ɗaya?"

"Ni? Tun asuba nake nan kamar an dasa ni."

"Wannan ledar abincin da kanta ta tsallako titi?"

Maigadi ya kalli ledar kamar bai taɓa ganinta ba. "To, minti biyar ne. Ko goma. Amma kafin in tafi babu wanda ya wuce sai wani dattijo da aka turo a keke, an rufa masa bargo, da hula da takunkumi."

Sufeto ya rufe ido, ya ƙirga uku a ransa. "Dattijo."

"Mutumin kirki. Na ce masa Allah ƙara sauƙi Baba, ya ce mini ina sandata. Har na duba masa bayan rumfa."

"Malam, shi ne aka sace!"

"Wannan? Ai ya amsa gaisuwa!"

"Wa ya turo shi?"

"Ranka ya daɗe, duk iri ɗaya suke. Riga shuɗiya, hula, takunkumi. Ko matata ce ta shiga kayan nan ba zan gane ta ba."

"Ta babbar ƙofa suka fita?"

"A'a, ta gefe suka bi. Ni kuma a lokacin na tsallaka."

Ta gefen akwai wurin ajiye motoci, akwai kuma ƙaramar ƙofa mai shiga gidan kula da tsofaffi, inda ɗaliban ke zuwa aikin koyo.

Ɗakin Injiniya ƙarami ne, yana manne da ɗakin gadaje, da gilashi a tsakani. Wayoyi ko'ina kamar saƙar gizo. Injiniya mutum ne mai furfura kaɗan da yawan share gumi.

"Na kulle ɗakin da hannuna, makulli ɗaya ne kuma yana..."

"Cikin kwalin safar hannu," in ji Saje. "Ci gaba."

Ya share gumi. Kyamarori kuwa, ya ce ba a kunna su sai lokacin darasi, dokar Darakta ce.

"Wato ba ku da hoto, ba ku da makulli, maigadinku yana gaisawa da kayan sata. Me kuke da shi?"

"Muna da ƙwaƙwalwarsa, yallaɓai. Rabi tana jikinsa, rabi tana cikin wannan kwamfutar. Duk abin da aka yi masa a cikin ginin nan, yana turowa."

"Tana magana?"

"Sosai."

Sufeto ya ja kujera, ya gyara murya, yana jin kansa kamar wawa. "Ni ne Sufeto. Wa ya ɗauke ka daga gado?"

Wata murya mai kaushi ta fito daga lasifika. "Wane ne wannan? Kai ne ɗan maƙwabcina mai satar mini kaji?"

"Ni ɗan sanda ne."

"Sanda! Yauwa. Ina sandata?"

"Baba, tambayarka nake..."

"Kar ka ɗaga mini murya, na haifi ubanka. Ba ka yi sallama ba, ba ka wanke hannu ba."

Saje ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"Injiniya," in ji Sufeto a hankali, "in ba ka fitar da tsohon nan daga cikin akwatin nan ba, kai zan rufe."

"Yi haƙuri, yana cikin wasansa ne. Bari in mayar da shi mai ba da maki." Ya danna wani abu. "Amma ka sani, ba ya ganin fuska. Hannu ya sani. Inda aka taɓa shi, da ƙarfin taɓawar, da abin da aka faɗa masa. Muryar ma ba ya ajiyewa, sai dai ya rubuta an gaishe shi ko ba a gaishe shi ba."

"Ka duba abin da ya rubuta yau?"

"Ai babu darasi lokacin hutu, me zan duba?"

"Duba."

Rubutu ya hau allo. Sha biyu da minti biyar, ƙoƙarin ɗagawa, maki talatin da takwas. Wannan 'Yar Tsautsayi ce. A ƙasansa akwai wani layi. Injiniya ya matso da fuskarsa.

"Sha biyu da minti ashirin da huɗu. Daga gado zuwa keke. Maki casa'in da takwas." Ya cire gilashinsa ya goge. "Ya ba satar maki, yallaɓai. Shi bai san sata ba ce."

"Karanta mini."

"An wanke hannu. An yi sallama. An faɗa masa abin da za a yi. An ji bugun jijiyarsa. An sa wa keke birki biyu. An sa masa silifa kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Da ya nemi sanda ba a yi masa gardama ba. An ɗaga shi da gwiwa, ba da baya ba."

Sufeto ya taɓa bayansa bai sani ba. "Ɗalibi mafi ƙwazo nawa yake ci?"

"Saba'in da ɗaya. Ni da na haɗa shi, arba'in da huɗu na samu."

"Maki biyun ina suka tafi?"

Injiniya ya ɗauke kai daga allon. Saje ce ta leƙa ta karanta: "Hannun dama yana rawa lokacin jin jijiya."

"Ya taɓa rubuta haka a kan wani?"

"Ban... ban tuna ba."

"Malam, yau mutum uku sun yi mini ƙarya, duk ba su iya ba. Kar ka zama na huɗu."

Injiniya ya zauna daɓas. Ya ce sau uku a watan nan, lokacin da babbar malamar jinya ke nuna wa ɗalibai yadda ake sa allura a jijiya. Sau uku allurar ta kauce. Ɗalibai ba su lura ba, amma Baba ya rubuta. Shi kuma bai buga takardar ba, bai nuna wa kowa ba.

"Ita ta yi jinyar mahaifiyata wata shida," ya ce. "Da wane baki zan kai ƙararta?"

"Gobe fa?"

"Dokar hukuma ce, malami ya fara nuna allurar a gaban masu jarrabawa, makinsa ya fito a babban allo, sannan ɗalibai su biyo."

Sufeto ya rufe littafinsa. "Me ya sa ɓarawon bai kashe na'urar ba?"

"Maɓallin yana cikin bayansa, sai da ɗan makullina. Kuma akwai matsala. In ya yi awa biyu a gefe ɗaya ba a juya shi ba, ihu yake yi har a titi a ji. Da awa uku na sa. Ita ta tsaya a kaina ta ce biyu, don ɗalibai su san gyambon kwanciya ba wasa ba ne."

Sufeto ya kalli agogonsa, ya yi lissafi da yatsu. Sha biyu da rabi. Biyu da rabi. Yanzu huɗu da minti biyar, ba a ji ihu ba: wani na juya shi a nan kusa, kuma huɗu da rabi zai koma.

"Saje, ɗauko yarinyar. Za mu gaida tsofaffi."

Gidan kula da tsofaffin shiru ne, sai talabijin da ke ta magana shi kaɗai a falo. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta ce ba a kawo sabon mutum yau ba. Ba ta rufe baki ba wata tsohuwa ta turo ƙarfen tafiyarta ta tsaya a gabansu.

"Ƙarya take. Ke ba kya ganin komai sai wayarki. An kawo sabo, yana ɗakin ƙarshe."

"Kaka, ɗakin keɓewa ne, babu kowa."

"To aljani na yi hira da shi? Ɗan nan," ta ja hannun rigar Sufeto, "ku ne hukuma? Ku nemo wa bawan Allah sandarsa. Tun rana yake tambaya. Mutum mai natsuwa, ya fi marigayi mijina sauraro, amma hannunsa sanyi ƙalau. Na ce a ba shi shayi, ko kallona ba su yi ba."

A ƙofar ɗakin ƙarshe an manna takarda: KADA A SHIGA. Sufeto ya tura.

Ga Baba Mai Sanda kwance ta gefen hagu, an rufa masa bargo har ƙirji. Matashi ɗaya a bayansa, ɗaya tsakanin gwiwoyinsa. An jera silifansa a ƙasa, an ɗan buɗe taga don iska, har da kofin ruwa kusa da hannunsa.

"Kofin ruwa," in ji Saje a hankali. "Ga roba."

"Wane ne?" in ji Baba. "Ina sandata?"

'Yar Tsautsayi ta toshe baki ta fara kuka kuma.

"Ke, don Allah ki adana hawayen nan zuwa anjima. Ku shiga bayan labule."

Suka tsaya su uku a bayan labule, a matse, gwiwar hannun Saje a haƙarƙarin Sufeto. Huɗu da minti ashirin da tara aka buɗe ƙofa. Suka ji ƙarar famfo, ana wanke hannu, ba gaggawa.

"Sannu Baba, ni ce. Zan juya ka ta dama, ka ji?"

"Ina sandata?"

"Za mu nemo ta tare, bari in gyara maka kwanciya tukuna."

Sufeto ya yaye labulen.

Sista Babba ba ta yi ihu ba. Ta ƙarasa juya shi, ta gyara matashin, ta ja bargon. Sannan ta miƙe ta fuskance su. Hannunta na dama yana waje a karon farko, yana karkarwa kamar ganye. Ta kalle shi, ta bar shi a haka.

"Casa'in da takwas kika ci," in ji Sufeto. "Da kin ja shi ta ƙafa kin bar gadon a yamutse, da har yanzu muna can muna tsare da yarinyar nan."

"Ba na jan mara lafiya ta ƙafa."

"Roba ne, Sista! Tun rana nake faɗa wa mutane roba ne!"

"Hannuna bai san haka ba." Ta zauna a bakin kujera. "Wata biyar ke nan ya fara. Na ɓoye wa Darakta, na ɓoye wa 'ya'yana. Shi ne kawai na kasa ɓoye wa. Gobe zan tsaya gaban yaran da na koyar, waɗanda yanzu su ne masu jarrabawa, in nemi jijiya in rasa, a rubuta a babban allo. Na ce kwana ɗaya kawai. Jibi in mayar da shi."

"Wannan na gane. Da a nan kika tsaya, da na yi miki faɗa na koma ga abincina. Amma ke kika kai maganar kwata wurin Darakta."

Sista ta kalli hannunta.

"Kin zauna a ofis kina kallo ana kiran yarinya ɓarauniya. Na tambaye ki, kika ce tsoro yana sa mutum komai."

"Kaina nake nufi."

"Amma sunanta za a goge."

Sista ta juya wajen yarinyar, ta daɗe tana kallonta. "Na ce a raina ai ko an bar ki faɗuwa za ki yi, don haka ban rage miki komai ba. Haka na yi ta faɗa wa kaina tun rana. Ƙarya ce. Ban isa in yanke wannan ba. Ki yafe mini in za ki iya."

Yarinyar ta kawar da kai. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen riga.

Biyar saura kwata Sufeto ya kira Darakta. Sai da ya maimaita mata bayanin sau uku, sannan ya ce, "Hajiya, ki sa sunanta yanzu ina kan layi, in ji ƙarar dannawar." Ya jira. Ya ji.

Saje ta riƙe Sista a damtse, ba ta ciro ankwa ba. Saura mayar da Baba. Sufeto ya yi tsaki, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya zai sungume shi.

"Kai! Ba haka ba!" Muryar Sista ta cika ɗakin. "Da baya za ka ɗaga kilo saba'in? Haka kake yi wa na gida, shi ya sa kake tafiya a karkace tun rana. Matsa. Ke, zo nan."

"Ni?" in ji 'Yar Tsautsayi.

"Akwai wata ɗaliba a ɗakin nan? Ba zan faɗa miki komai ba. Yi."

Yarinyar ta wanke hannu, sabulu ya kuɓuce mata sau ɗaya. Ta yi sallama da muryar da ƙyar ake ji. Ta sa masa silifa, ta lanƙwasa gwiwa.

"Ina sandata?" in ji Baba.

Ta buɗe baki za ta ce ba shi da sanda, yadda ta saba. Sai ta haɗiye. "Za mu nemo ta tare, Baba. Riƙe kafaɗata."

Keken ya ɗan ja baya, ta tare shi da ƙafa. Baba ya zauna. Bai faɗi ba.

Suka fito a jere, Kaka tana biye da su har ƙofa tana cewa a dawo mata da shi ranar hutu. Maigadi ya miƙe tsaye da ya ga keken, ya ɗaga hannu zai gaisa, ya haɗa ido da Sufeto, ya mayar da hannun aljihu.

Suna shiga harabar makaranta Baba ya tura abin da ya rubuta. Saje ta buɗe wa Sista ƙofar baya ta mota, sai ga Injiniya ya fito da gudu, takarda a hannu.

Sista ta tsaya, ƙafa ɗaya a cikin mota. "Nawa ta ci?"

"Sittin da huɗu. Sittin ake nema."

"Birkin hagu," in ji Sista, ba ta ko kalli takardar ba. Ta ɗaga murya yadda yarinyar za ta ji daga baranda. "Birkin hagu kika manta! Gobe biyun duka!"

Yarinyar ta tsaya riƙe da keken. Ta sunkuya a hankali, ta danna birkin dama, ta danna na hagu, sannan ta ɗago ta kalle ta.

Sista ta gyaɗa kai ta shiga. Saje ta rufe ƙofa.

Sufeto ya zo zai zauna a gaba, makullin motar ya faɗi ƙasa. Ya fara sunkuyawa, ya tsaya, ya waiga ya ga ko wani na kallo. Sannan ya lanƙwasa gwiwa ya ɗauka.